Tantance Lafiyar Hankalin Mai Laifi Kafin Yanke Hukunci: Matakai, Ma'aunai da Iyakokinsu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan'adam suke binciken mutumin da kotu ta samu da laifi, kafin alƙali ya ƙayyade masa horo. Ta bi matakan aikin tun daga ganawa da tattara bayanai da gwaje-gwaje, har zuwa raɗa wa cuta suna da ƙiyasin haɗari. An kafa hujja da shari'o'in da aka yi a Amurka da Ingila da Norwe, sannan aka waiwayi dokokin Nijeriya da matsalar harshe da al'ada. Maƙalar ta nuna cewa sunan cuta shi kaɗai ba ya amsa tambayar kotu, kuma kalma guda a cikin rahoto tana iya raba tsakanin asibiti da kurkuku, ko tsakanin ɗauri da kisa.

Fitilun Kalmomi: taɓin hankali, hukunci, rahoton likita, haukan gangan, ƙiyasin haɗari

1.0 Gabatarwa

Idan kotu ta tabbatar wa mutum da laifi, akwai sauran aiki a gaban alƙali, wato ƙayyade irin horon da ya dace da shi. A ƙasashe da dama, a wannan gaɓa ce ake neman ƙwararre ya binciki hankalin mai laifin, ya rubuta rahoto. A Ingila doka ta wajabta wa kotu neman rahoton likita kafin ta ɗaure wanda alamu suka nuna yana da taɓin hankali, sai fa idan ta ga babu buƙatar hakan. A kotunan tarayya na Amurka kuwa, alƙali yana da ikon ba da umarnin a yi irin wannan bincike kafin ranar hukunci.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai wannan aiki ba ya iya dogara da fuska, domin wanda yake bincika yana da babban dalilin ɓoye gaskiya ko ƙara mata gishiri. Saboda haka aka shimfiɗa hanyoyi na musamman, waɗanda suka bambanta da yadda likita yake duba majinyaci a asibiti.

2.0 Tambayoyi Uku na Kotu

Kotu takan nemi ƙwararre a kan ɗaya daga cikin tambayoyi uku, kuma kowace tana kallon wani lokaci daban.

Ta farko tana kallon halin da ake ciki: shin wanda ake tuhuma yana fahimtar shari'ar da ake yi masa, yana kuma iya taimaka wa lauyansa? Kotun Ƙolin Amurka ta kafa wannan ma'auni a shari'ar Dusky ta 1960.

Ta biyu tana kallon baya: yaya hankalinsa yake a lokacin da ya aikata laifin? Tushen wannan tambaya shi ne shari'ar Daniel M'Naghten, wanda ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Minista Robert Peel, a Landan a 1843. An wanke shi bisa hujjar hauka, kuma cece-kucen da ya biyo baya ya sa aka tsara ƙa'idar da ta ce ba a ɗora wa mutum laifi idan cutar hankali ta hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin kuskure ne.

Ta uku ita ce jigon wannan maƙala, kuma tana kallon baya da gaba a lokaci guda. An riga an yarda mutumin yana da alhakin laifinsa. Abin da ake son sani shi ne ko yana da wata cuta, da yadda cutar ta taimaka wajen aukuwar laifin, da ko magani zai yi masa amfani, da kuma irin haɗarin da yake tattare da sakinsa.

3.0 Matakan Bincike

3.1 Gargaɗi da Ganawa

Kafin komai, mai bincike yakan sanar da mai laifi wanda ya aiko shi, da cewa duk abin da ya faɗa yana iya isa kunnen alƙali. Sirrin da ke tsakanin likita da majinyaci ba ya aiki a nan. Muhimmancin wannan mataki ya fito fili a shari'ar Estelle da Smith ta 1981. Wani likita a jihar Teksas, James Grigson, ya gana da Ernest Smith domin duba ko zai iya fuskantar shari'a, daga baya kuma ya yi amfani da wannan ganawa ya shaida cewa mutumin haɗari ne ga jama'a. Kotun Ƙoli ta tabbatar da soke hukuncin kisan, saboda ba a gargaɗi Smith ba, ba a kuma sanar da lauyansa ba.

A cikin ganawar ana bin tarihin rayuwar mutum daki-daki: haihuwa da ƙuruciya, karatu, aiki, aure, shaye-shaye, cin zarafin da ya taɓa fuskanta, raunin da ya taɓa samu a ka, da cututtukan da ke cikin danginsa. Ana kuma lura da shigarsa, da tsarin maganarsa, da yanayin ransa, da ko ya san wuri da lokaci, da ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji.

3.2 Bayanan Gefe

Maganar mai laifi ba ta isa hujja. Ana gwama ta da takardun 'yan sanda, da bayanan asibiti da na makaranta, da rahoton gandirebobi, da abin da iyaye da maƙwabta da abokan aiki suka sani. Takardar asibiti da aka rubuta shekaru kafin laifin ta fi nauyi a kan ƙorafin da ya ɓullo bayan kamu, domin a lokacin da aka rubuta ta babu wata ribar da mutumin zai ci da ita. Haka nan, wanda yake sambatu a gaban likita amma yake hira daidai da sauran fursunoni da dare, gandirebobi ne za su tona shi.

3.3 Gwaje-gwaje

Gwajin basira na Wechsler shi ne aka fi amfani da shi wajen auna kaifin fahimta. An tsara shi yadda matsakaicin maki zai zama 100, kuma makin da ya sauka kusa da 70 yana nuna yiwuwar tawayar basira. Wajen auna ɗabi'a da alamomin cuta kuwa, akwai gwajin MMPI, wanda ya fara fitowa a 1943. Bugunsa na biyu, na 1989, yana da jumloli 567 da ake amsawa da "gaskiya" ko "ƙarya", kuma a cikinsa akwai ma'aunan da ke gano mai zuzuta ciwo da mai ɓoye shi. Idan ana zargin lahani a ƙwaƙwalwa, ana ƙarawa da gwajin tunawa da mayar da hankali, wani lokaci har da hoton ƙwaƙwalwa da gwajin farfaɗiya.

3.4 Haukan Gangan

Mai haukan ƙarya yawanci yana kwaikwayon hoton mahaukaci da ya gani a kasuwa ko a fim, don haka yakan wuce gona da iri. Akwai tsararrun tambayoyi, irin na SIRS da Richard Rogers da abokan aikinsa suka fitar a 1992, waɗanda suke jero alamomin da masu cutar gaskiya ba kasafai suke da su ba. Wanda ya amsa cewa duk yana da su ya jefa kansa cikin zargi. Gwajin TOMM kuma yana nuna wa mutum zane 50, sannan a ce ya zaɓi wanda ya gani daga cikin biyu-biyu. Ko wanda bai ga zanen ba sam zai dace da kusan rabi ta hanyar cinke. Wanda ya faɗi ƙasa da rabi sosai, alama ce ya san amsar yana kauce mata.

Shari'ar Kenneth Bianchi, wanda aka kama a 1979 bisa kisan mata a Amurka, misali ce sananniya. Ya nuna cewa akwai wani mutum na biyu a cikinsa, har wasu ƙwararru suka gaskata. Likita Martin Orne ya shaida masa cewa masu irin wannan cuta sukan kasance da fiye da mutum biyu a cikinsu. Ba a jima ba Bianchi ya fito da na uku, asirinsa ya tonu.

4.0 Raɗa wa Cuta Suna

Littattafai biyu ne madogara a duniya. Na farko shi ne DSM na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda bugunsa na biyar ya fito a 2013, aka sabunta shi a 2022. Na biyu shi ne ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Kowace cuta tana da sharuɗɗa na adadin alamomi da tsawon lokaci. Cutar sikizofiriniya, wadda take raba mutum da zahiri, tana buƙatar a DSM aƙalla alamomi biyu daga cikin biyar na tsawon wata guda, ɗaya daga cikinsu ya zama kafaffen zato marar tushe, ko gane-gane da jin muryoyi, ko rikitacciyar magana, sannan alamun ciwon su kai wata shida.

Tawayar basira tana da sharuɗɗa uku: raunin fahimta, da gazawa wajen gudanar da harkokin yau da kullum, da kuma farawar matsalar tun lokacin tasowa. Wannan ya zama batun rai da mutuwa a Amurka tun 2002, lokacin da Kotun Ƙoli ta haramta kashe masu tawayar basira a shari'ar Atkins. Jihar Filorida ta kafa maki 70 a matsayin iyaka da ba a ƙetarewa, har ta ƙi sauraron sauran hujjojin Freddie Hall saboda ya sami 71. A 2014 Kotun Ƙoli ta rushe wannan tsari, tana mai cewa kowane gwaji yana da ratar kuskure, wadda masana suka ƙiyasta da kimanin maki biyar sama ko ƙasa.

Sunan da ya fi jawo muhawara shi ne karkatar ɗabi'a mai saɓa wa al'umma. Sharuɗɗansa a DSM su ne mutum ya kai shekara 18, a sami shaidar kangarewa kafin ya cika 15, sannan a same shi da uku daga cikin halaye bakwai, irin su yawan karya doka, da yaudara, da rashin nadama. Matsalar ita ce karya doka da kanta tana cikin sharuɗɗan, saboda haka sunan yakan maimaita abin da kotu ta riga ta sani. Nazarin da Seena Fazel da John Danesh suka wallafa a 2002, wanda ya haɗa bincike 62 a kan fursunoni kimanin 23,000 a ƙasashe 12, ya gano cewa kashi 47 cikin ɗari na maza sun cika waɗannan sharuɗɗa, alhali masu cutar rabuwa da zahiri ba su wuce kimanin kashi 4 ba. Sunan da ya dace da kusan rabin mazaunan kurkuku ba zai bambanta wa alƙali wannan fursuna da wancan ba.

5.0 Ƙiyasin Haɗari

Tambayar ko mutum zai sake aikata laifi ita ce mafi wuya. A shari'ar Barefoot ta 1983, likitoci biyu da ba su taɓa ganawa da mai laifin ba sun shaida cewa zai ci gaba da zama haɗari. Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa irin wannan hasashe yana kuskure sau biyu cikin uku. Duk da haka kotun ta karɓi shaidar, aka kashe Thomas Barefoot a 1984.

Wannan rauni ne ya sa aka koma ga tsararrun ma'aunai. Wasu na lissafi ne zalla, kamar Static-99 mai abubuwa 10 da ake yi wa masu laifin fyaɗe da makamantansa. Wasu kuma suna shiryar da ƙwararre ne ba tare da ƙwace masa ra'ayi ba, kamar HCR-20, mai abubuwa 10 na tarihi, 5 na halin yanzu, 5 na tanadin gaba. Akwai kuma ma'aunin PCL-R na Robert Hare, masani ɗan Kanada, wanda aka wallafa a 1991 domin auna ƙeƙashewar zuciya. Yana da abubuwa 20, kowane ana ba shi maki 0 ko 1 ko 2, jimilla 40, kuma a Arewacin Amurka maki 30 ne aka saba ɗauka iyaka.

Waɗannan ma'aunai suna bayani ne a kan rukuni. Suna iya nuna cewa mutane masu irin wannan maki sun fi yawan komawa ga laifi, amma ba sa nuna wane ne a cikinsu zai koma. Bugu da ƙari, makin yana iya karkata zuwa ga wanda ya biya kuɗin aikin. A wani gwaji da Daniel Murrie da abokan aikinsa suka wallafa a 2013, an ba ƙwararru 108 takardun masu laifi iri ɗaya. Waɗanda suka zaci masu gabatar da ƙara suke yi wa aiki sun ba da maki mafi tsanani fiye da waɗanda suka zaci lauyoyin kariya ne suka ɗauke su.

6.0 Tasirin Rahoto a kan Hukunci

Rahoto mai inganci ba ya tsayawa ga suna. Yana bayyana yadda cutar ta shafi tunanin mutum da iya kame kansa a ranar da abin ya faru, domin mai ciwo yana iya yin sata saboda kwaɗayi kamar kowa. Littafin DSM da kansa ya yi gargaɗi cewa samun cuta ba ya nufin an cika sharaɗin doka.

A Ingila, sashe na 37 na Dokar Lafiyar Hankali ta 1983 ya ba kotu damar tura mai laifi asibiti maimakon kurkuku, bisa shaidar likitoci biyu, sashe na 41 kuma ya ba da damar taƙaita sallamarsa domin kare jama'a. Sai dai kotu ba ta zama dole ta bi likitoci. A 1981 likitoci huɗu sun ce Peter Sutcliffe, wanda ya kashe mata 13, yana da sikizofiriniya, amma alƙali ya miƙa batun ga masu taya shi yanke hukunci, suka same shi da laifin kisan kai. A 1984 aka mayar da shi asibitin Broadmoor.

Hujjar cuta kuma tana iya juyowa kan mai ita. Abin da ya rage wa mutum alhaki shi ne zai iya nuna cewa ba zai gyaru ba, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince da haka a shari'ar Penry ta 1989. Karin maganar da ta ce hali zanen dutse tana da kwatankwacinta a zukatan alƙalai: cutar da ake yi wa magani tana jawo sassauci, ita kuwa karkatar ɗabi'a takan jawo tsawaita ɗauri.

7.0 Harshe da Al'ada

Shari'ar Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a Norwe ranar 22 ga Yulin 2011, ta nuna yadda fahimtar harshe take juya sakamako. Likitoci biyu na farko sun ce yana da sikizofiriniya, kuma cikin hujjojinsu akwai wasu kalmomi da suka ɗauka shi ya ƙirƙire su. Likitoci biyu na biyu, bayan an sa masa ido dare da rana na mako uku, sun ce hankalinsa bai rabu da zahiri ba, karkatar ɗabi'a ce gare shi. A watan Agustan 2012 kotu ta bi rahoto na biyu, tana mai lura da cewa ya kamata a auna kalamansa da tunaninsa da na masu tsattsauran ra'ayi irinsa, inda suke da ma'ana sananniya. An yanke masa tsarewar shekara 21 wadda ake iya tsawaitawa.

Darasin ya shafi duk inda mai bincike da wanda ake bincika ba su haɗa harshe ko al'ada ba. Ƙa'idar likitanci ita ce abin da al'ummar mutum ta yarda da shi ba a ƙirga shi kafaffen zato. Wanda ya ce iska ta buge shi, ko an yi masa sammu, ko maye ya kama kurwar ɗansa, yana magana ne da harshen da maƙwabtansa suke fahimta. Aikin ƙwararre shi ne ya gano ko danginsa ma suna ganin abin nasa ya fita daga yadda aka saba. Domin haka DSM na 2013 ya zo da tambayoyi 16 na binciken al'ada. A fuskar doka ma, a shari'ar Gadam ta 1954 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta ƙi karɓar imani da maita a matsayin uzurin kisa.

Dokokin Nijeriya sun gaji wannan fanni daga Ingila. Sashe na 51 na Dokar Final Kod ta Arewa ya tsaya kan sanin abin da ake aikatawa da sanin haramcinsa, shi kuwa sashe na 28 na Dokar Laifuka ta Kudu ya ƙara da rashin iya kame kai. A fiƙihun Musulunci ma hankali sharaɗi ne na ɗora alhaki, kuma malamai sun bambanta hauka mai ɗorewa da mai zuwa yana tafiya. Da yake hukuncin kisan kai na ganganci a waɗannan dokoki ƙayyadadde ne, nauyin shaidar likita ya fi faɗawa kan matakin tabbatar da laifi. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958.

A nan ne masana Hausa suke da abin cewa. Kalmomin hauka da taɓuwa da zautuwa da wauta da gaɓunta da dolanci ba ma'anarsu ɗaya ba, kuma babu wadda ta yi daidai da wani suna guda a DSM. Idan mai laifi ya ce "zuciya ce ta ɗebe ni", tafinta yana iya mayar da ita fushi, ko rashin kame kai, ko gushewar hankali, kuma kowace fassara tana kai wa ga sakamako daban. Haka nan gwajin basira da aka daidaita a kan 'yan makarantar Amurka zai zalunci wanda ya yi karatun allo, ya haddace Alƙur'ani, amma bai taɓa zama ajin boko ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tantance hankalin mai laifi aiki ne mai matakai: gargaɗi, ganawa, gwama magana da takardu, gwaji, tace haukan gangan, raɗa suna, da ƙiyasin haɗari. Ta kuma nuna inda kowane mataki yake iya zamewa, daga ratar maki biyar a gwajin basira zuwa karkatar ƙwararre ga wanda ya ɗauke shi aiki. Rahoton da ya cancanci a dogara da shi shi ne wanda ya fayyace majiyarsa, ya bambanta abin da aka gani da abin da aka ji, ya danganta cuta da laifi ta hanyar hujja, sannan ya bar hukunci a hannun alƙali. A kotunan da ake shari'a da Hausa, hakan yana buƙatar daidaitattun kalmomin cututtukan hankali, da gwaje-gwajen da aka auna a kan masu jin harshen, da tafintocin da aka horar. Aiki ne da sassan nazarin Hausa za su iya yi tare da asibitocin ƙwaƙwalwa na Kware da Barnawa da Dawanau da Maiduguri.